Mai Kiran Ranar Juma'a

Wayar ta yi haske a hannuna ba tare da ta yi ƙara ba. Ni na koya mata wannan shirun makonni shida da suka wuce, kuma har zuwa ranar ina alfahari da aikina.

"'Yan damfarar nan ne?" Hadjo ta tambaya daga bakin gado, tana matse tsumma a cikin kwanon ruwa.

"Su ne. An toshe su."

"Allah ya isa. Mutum yana kwance haka ma ba za su bar shi ya huta ba."

Inna Azumi tana kwance rigingine, ƙirjinta na hawa da sauka kamar wadda ta yi gudu. Da safe lokotoro, wato likita, ya zo ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce zuciya ce, kuma kada a bari wani abu ya firgita ta, ko da ƙarar murfin tukunya ne. 'Yarta Sumayya ta taso daga Cotonou tun hantsi, tana cikin mota, wayarta ba ta shiga. Mahaifiyata ta fita neman magani. Daga ni sai Hadjo, maƙwabciyarmu mai sayar da wagashi, cukun nan na Fulani, muka rage a ɗakin. A waje masu dawowa daga Juma'a suna wucewa ta bakin ƙofa, wata kamiyo, babbar motar kaya, tana ta gurnani a wajen Gare, tashar jirgin ƙasa.

Tun safe Inna ba ta buɗe ido ba. Amma da hasken nan ya faɗa kan rufin kwano, sai na ga idanunta a buɗe, suna kan hannuna.

"'Yar nan," ta ce, da ƙyar. "Ƙarfe nawa?"

"Biyu da rabi, Inna."

Ta jira. Na ga tana jira, kunnenta a karkace. Da wayar ta mutu ta koma baƙa, sai ta rufe ido, wani siririn hawaye ya gangaro ya shige cikin kunnenta.

Shekara biyu ke nan da muka tare a gidan, ni da mahaifiyata. Gidan haya ne mai ɗakuna takwas a bayan tashar jirgin Parakou, ɗakinmu na jikin na Inna Azumi. Masa take toyawa tun asuba, direbobi da masu lodi suna layi a gaban tandarta, tana yi musu faɗa kamar ita ta haife su. Ni kuwa ta ɗauke ni jika tun ranar farko. In ta gan ni da littafi sai ta ce, "Zinariya, wannan masu soyayyar naki sun yi aure ko har yanzu suna kuka?"

Sumayya ce ta aiko mata da wayar, irin mai shafawa. Inna ba ta karatu, amma ta san kore a ɗauka, ja a ajiye, kuma ba ta taɓa danna ja ba. Kowa ya kira sai ta amsa. Masu tallar waƙa, masu cewa ta ci kyautar cacar tombola, masu maganin ciwon baya, duk sai ta tambaye su mutanen gida. Har muryar inji ta Faransanci mai cewa "Félicitations, cher client" sai ta gaishe ta, sannan ta juyo ta ce da ni, "Yarinyar nan ba ta da tarbiyya. Ana gaishe ta tana ta zuba."

Wata Talata aka aiko a kira ni daga kiyos ɗin tura kuɗi na bakin titi. Na tarar da Inna ba takalmi, mayafinta a karkace, tana roƙon mai kiyos ta ranta mata. Wani ne ya kira ta yana kuka. "Inna, ni ne ɗanki. Mota ta kife da mu a hanyar Djougou, sun ce ba za su taɓa ni ba sai an biya." Ta kwashe duk abin da ta tara a gwangwani, jaka ɗari da ashirin, wato sefa dubu ɗari da ashirin, ta tura. Da ya sake kira yana neman ƙari ne mai kiyos ta gane, ta ƙi.

A hanyar gida raina ya ɓaci har na manta da girmanta.

"Haba Inna! Ke da 'ya ɗaya gare ki, mace? Wane ɗa kuma? Ko sunansa ba ki tambaya ba?"

Ta kau da kai tana kallon katangar da muke bi. Na ɗauka kunyar an cuce ta ce.

Da yamma Sumayya ta kira ni tana kuka tana faɗa a haɗe. "Zinariya, don Allah ki rufe mata. Bloque tout. Wanda ba ya cikin wayar kada ya ƙara samunta."

Na shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta, na zauna kamar wata ƙwararriya. Na saita wayar yadda lambar da aka ajiye da suna kaɗai za ta yi ƙara, sauran duk su mutu a bakin ƙofa. Na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya: Sumayya, mai shinkafa, mai gidan haya, Malam Badamasi na makarantar unguwa, ni, da Kawu Nouhou, yayanta da ke Djougou.

"Akwai wani da zan ƙara?"

Ta daɗe tana tsinkar bakin tabarma da farce.

"Kin sa na Zugu?" ta ce, ba ta dube ni ba. Haka tsofaffi suke kiran Djougou.

Na kalli sunan Kawu Nouhou a kan gilashin. "Yana ciki, Inna."

"To, madalla."

Akwai wata al'ada tata da kowa a gidan ya sani. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, sai ta yi wanka ta sa turare, ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunne ta zauna tana fuskantar bango, waya a kunne. Ba ta magana. "Mm" kawai za ka ji, can kuma wani "Mm". Ni na ɗauka wa'azi take saurare.

Juma'ar farko bayan na gyara wayar ta yi wankanta ta zauna. Har la'asar tana nan, waya a cinya.

"Zinariya, abin nan lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Ƙalau, Inna. Kin ga yadda kika huta?"

"Na huta," ta ce.

A Juma'a ta uku ba ta hura wuta ba, direbobi suka zo suka koma. A ta biyar kunu ma sai an lallashe ta. Duk gidan muka ce baƙin cikin kuɗin ne, muna ta ba ta haƙuri a kan jaka ɗari da ashirin, tana gyaɗa mana kai.

Tambayar ƙarfe nawan nan ce ta tsaya mini a rai. Na shiga cikin wayar na buɗe jerin kiran da aka toshe, abin da ban taɓa yi ba. Sun fi arba'in. Lambobi barkatai, na safe, na rana, kowace sau ɗaya ko biyu ta ɓace. Sai guda ɗaya mai ƙarewa da sha bakwai. Na ƙirga da yatsa. Sau shida. Na duba ranakun. Juma'a, Juma'a, Juma'a, kowace tsakanin biyu da ashirin zuwa biyu da rabi.

Wane ɗan damfara ne zai jira a sauko daga masallaci kafin ya kira?

Na fita tsakar gida, na tsaya a gindin igiyar shanya, na danna lambar. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba aka ɗauka. Na ji kukan shanu da hayaniyar kasuwa, sannan muryar namiji, ƙasa-ƙasa, kamar mai magana a durƙushe.

"Salamu alaikum. Barka da Juma'a. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ya..."

"Wa ke magana?"

Sai ya mayar mini da tambaya.

"Wace ce? Ina mai wayar?"

"Ni ke tambaya. Wane ne kai?"

"Ɗanta ne."

Kalmar da aka cuce ta da ita ke nan, kalmar da ta fitar da ita titi ba takalmi.

"Ɗanta," na ce. "Daga hanyar Djougou ko? Motar ce ta sake kifewa? Nawa ake nema yau? Ba ku ji tsoron Allah ba, kun ƙwace wa tsohuwa gumin shekara uku, yanzu kun dawo ku ga ko da saura? Voleur! Ɓarawo!"

Ya bar ni na gama. Ban taɓa zagin babba haka ba, kuma bai katse ni ba ko sau ɗaya.

"Na ji labarin," ya ce. "Kawu ya faɗa mini an karɓi kuɗi da bakina. Tun daga makon wayarta ba ta ƙara karɓata ba. Baiwar Allah, ki faɗa mini gaskiya, ba zan ce ke kika faɗa ba. Ta yarda ni ne na ci?"

Na kusa yarda da shi, amma na hana kaina. Na sha karantawa cewa ƙwararrunsu haka suke, suna kuka, suna haƙuri, suna tattara labarin gida kafin su kira. Wancan ma ai kuka ya yi.

"Me kake so?"

"Ba na son komai. Gaisuwa ce."

"In kai ɗanta ne, faɗi sunanta."

"Ni?" Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni in kama sunanta?"

Hadjo ta leƙo daga ƙofa, idanunta waje. "Da wa kike? Zinariya, kashe! Kin ji abin da lokotoro ya ce. In ta ji muryar mutanen nan a hannunki za ta cika."

"Lokotoro?" mutumin ya ce da ƙarfi. "Wane lokotoro? Me ya same ta?"

Na kife wayar a ƙirjina. Da tawa wayar na kira Sumayya, ba rezo, layin ba ya shiga. Na kira Kawu Nouhou, a kashe. Na sake kiran Sumayya. Daga cikin ɗaki na ji numfashin Inna ya canza, ya koma ja da tsayawa, ja da tsayawa, kamar ana jan guga mai nauyi. In maƙaryaci ne na kai mata shi kunne, na kashe ta da hannuna. In kuwa mai gaskiya ne na kashe wayar, ban san sunan abin da na yi ba.

Na mayar da ita kunne. "Sunanka?"

"Muttaƙa. Amma don Allah kada ki faɗa a gabanta. Ki ce na Zugu ne kawai."

Ranar da na gyara wayar ta dawo mini. Na ga tabarmar nan, na ga farcenta yana tsinkar bakinta. Duk da haka wata murya a kaina tana cewa kowa ma zai iya cewa daga Zugu yake. Na wuce Hadjo tana riƙe mini hannu, na durƙusa a gaban gado, kuma cikin ruɗewa na yi abin da ya roƙe ni kada in yi.

"Inna. Inna, kin san wani Muttaƙa?"

Matar da tun safe sai an ɗaga mata kai take shan ruwa, na ga hannunta ya tashi. Ya laluba ya kamo gefen mayafi, ya ja shi a hankali har ya rufe fuskarta. Sannan ta tattara abin da ya rage mata na ƙarfi ta juya, ta ba ni baya, ta fuskanci bango.

Tsumman ya faɗi daga hannun Hadjo.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Wayyo Allah, Zinariya, ɗan farinta ne."

Ba baƙon abu ba ne a wurina. Kakata har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan babban kawuna ba, ba ta haɗa ido da shi, in ya shigo ta ƙofa sai ta sami abin yi a bayan ɗaki. Na san ana yaye ɗan fari a miƙa wa dangi su riƙe. Na san uwar ba ta faɗin sunansa, ba ta bari a rubuta mata shi, ba ta nuna ta damu ko zuciyarta na tsagewa. Duk na sani. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa wannan abin yana da hanyar shiga cikin waya ba.

Na buɗe muryar yadda za a ji, na ajiye wayar a kan matashi, daidai bayan kunnenta.

"Ga ta," na ce. "Tana ji."

Na ji ya matsa daga hayaniyar, na ji ya gyara murya. Sai ya faro daga farko, kamar babu abin da ya faru.

"Salamu alaikum. Barka da Juma'a."

Numfashinta ya ja, ya tsaya.

"Mm," in ji Inna.

"An tashi lafiya?"

"Mm."

"Ya ƙarfin jiki? Yara suna gaisuwa. Uwarsu na gaisuwa. Kasuwa da godiya, an sayar da bijimai biyu." Sannan ya ƙara da cewa, "Wancan da ya kira, ba ni ba ne."

Mayafin ya motsa. Inna ta yi magana, da bango take yi, kalma ɗaya-ɗaya.

"A gaya wa na Zugu... an sani. Tun a ranar an sani. An ɗauka... shi ne ya yi fushi. Don an zaci zai iya roƙo."

Yana jinta sarai, amma ni aka aika, don haka na sunkuya kan wayar ina kuka na maimaita. "Ta ce an sani. Ta ce an ɗauka kai ne ka yi fushi."

"A gaya mata," ya ce, "ko rana ɗaya ban yi ba. A gaya mata ina kasuwar Pélébina, ga kamiyon shanu zai tashi yanzu, ga ni nan. Kada a kashe wayar."

Ba mu kashe ba. Muka ji ya hau, muka ji injin ya tashi, muka ji yana ce wa direba ya taka don girman Allah. Jefi-jefi sai ya ce, "Ana ji?" ita kuma ta ce, "Mm." Hadjo ta zauna a ƙasa tana ta salati. Malam Badamasi ya zo ya zauna daga bakin ƙofa yana karatu a hankali. Ni na riƙe caja a jikin bango da hannu don soket ɗin ɗakin yana da sako-sako, ina addu'ar kada a ɗauke wuta, kada kiredin wayar ya ƙare, kada komai ya ƙare.

Rezo ne ya fara ƙarewa. Wajen ƙarfe uku da rabi muryarsa ta soma tsinkewa, "Ana... ana j...", sai ɗif. Na kira, na sake kira, na sake. Matar inji tana ta ba ni haƙuri da Faransanci.

"Daji suka shiga, Inna. Yanzu zai dawo."

Na zagaya ta wajen bango, na tsuguna a ɗan tsukin da ke tsakaninsa da gado, na ɗaga gefen mayafin don ta sami iska. Fuskarta ta saki, kamar ta wanda ya sauke kaya. Leɓunanta suna motsi. Na kai kunnena ina zaton ruwa take so.

"An yanke?" ta ce.

"An yanke, Inna."

"Ba ya ji?"

"Ba ya ji."

Sai ta faɗa. Sau ɗaya, a hankali, tana rarraba shi kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya.

"Mut-ta-ƙa."

Bayan nan Malam ya matso yana laƙƙana mata kalmar shahada, tana bi. Ana kiran la'asar a masallacin Gare ta cika.

Sumayya ta riga shi isowa da kaɗan. Shi ya iso rana ta yi ja, mata suna ciki suna yi mata wanka. Dogo ne, gemunsa da furfura, takalmansa duk kashin shanu. Ina ganinsa na gane shi. Shi ne mutumin da ke zuwa duk Babbar Sallah da cinyar bijimi a buhu, ya tsaya a zaure ya ba da a shigar, ya yi gaisuwa ta bayan katanga ya tafi. Sau biyu ni na karɓi buhun. Na shiga ina cewa, "Inna, ga mai nama ya kawo saƙo."

Ya ji kukan tun daga titi, don haka bai tambayi kowa ba. Ya tsaya a tsakar gida, hannuwansa a sake. Na je na durƙusa a gabansa na miƙa masa wayar da hannu biyu.

"Baba, ni ce na toshe. Ta ce in sa na Zugu, na ɗauka Kawu Nouhou take nufi. Juma'a shida. Ni ce."

Ya karɓa, ya juya ta a tafinsa, ya daɗe yana kallon gilashin da ya tsage a gefe.

"Tashi, 'yata," ya ce. "Ke kika kira ni kuma."

Na tashi, amma na kasa tafiya. Shi ma bai matsa ba. Can ya yi ƙasa da murya, yadda masu shigowa gaisuwa ba za su ji ba.

"Bayan layin ya yanke, ta ce wani abu?"

Na yi tunanin mayafin nan da ta ja ta rufe fuska. Na yi tunanin yadda sai da ta tabbatar ba ya ji. Shekara hamsin ta riƙe abinta, ni kaɗai na ji, kuma ban san ko amana ta ba ni ko saƙo ba.

"Ta kira sunanka," na ce. "Sau ɗaya."

Ya waiga kamar mai neman wurin zama, idonsa ya faɗa kan kujerar nan 'yar tsugunne da ke ƙofar ɗakinta, inda aka bar ta tun Juma'ar da ta wuce. Ya je ya zauna, gwiwoyinsa har kusan haɓarsa don ta yi masa kaɗan. Ya ɗora wayar a cinya. Sannan a hankali ya juya da kujerar, ya ba tsakar gida baya, ya fuskanci bango.